Komawar Rabi: Saɓanin Masu Karatu a Kan Littafin Alhaki Kuykuyo Ne

Jawabin da aka gabatar a zaman malaman Rano da Kibiya, aka buga shi domin 'yan ƙungiya da iyalansu

 

An umurce mu da mu yi magana a kan littafi guda, wato Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Dalilin zaɓensa sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a ɗakin malamai lokacin tara: da wuya a ambaci wannan littafi mutum biyar su tashi baki ɗaya. Wani ya ce shi ne mafi gaskiyar abin da aka rubuta a kan gidan Bahaushe. Wani ya ce tonon asiri ne da ba shi da amfani. Wata kuma ta ce ta ji daɗinsa har zuwa shafukan ƙarshe, a nan ne ranta ya ɓaci. Abin da muke so mu nuna a yau shi ne, wannan saɓani dukiya ce a hannun malami, in har ya san yadda zai shigar da shi aji.

Littafin ya fito a 1990. Marubuciyarsa 'yar Kano ce, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara goma sha uku ko kusa da haka, auren bai daɗe ba ya mutu, daga baya ta koma neman ilimi ta hanyar ajin manya. Ta rubuta Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila?, kuma tana cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba. A 1998 aka mayar da labarin fim. A 2012 Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya fassara shi zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft da ke birnin Chennai na ƙasar Indiya ya buga shi, aka kuma tallata shi a matsayin cikakken ƙagaggen labari na farko da wata mace ta rubuta da Hausa aka fassara zuwa Ingilishi. Daga nan sunansa ya yi tashe a jaridun waje da jami'o'i, mutanen da ba su taɓa jin kalmar Hausa ba suka shiga yabonsa.

Labarin a taƙaice shi ne: Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai abin hannu, amma hannunsa a rufe yake ga matarsa Rabi da 'ya'yansu tara. Abin da ya hana gida, a waje yake kashe shi. Ya auro Delu, mace mai zaman kanta, zaman gidan ya dagule, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci, ta ciyar da yaran, ta riƙe karatunsu. Babbar 'yarta Saudatu ta auri mai wadata, Alhaji Abubakar. Sai gobara ta ci dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, ya wayi gari ba shi da komai. Daga nan dangi, musamman maza, suka matsa wa Rabi lamba ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta, ta kuwa koma ba da son ranta ba.

Masu karatu sun kasu gida uku, kuma ya kamata mu yi wa kowane gida adalci.

Gida na farko su ne masu cewa an keta sutura. A ganinsu, tsakanin miji da mata sai Allah, kuma al'ummar da ta san kunya ba ta shanya kayan cikin ɗakinta a bakin hanya. Suna tsoron yarinya ta karanta ta tsani aure tun kafin ta shige shi, ta ɗauka kowane namiji Alhaji Abdu ne. Fassarar da aka yi ta ƙara musu damuwa, domin suna ganin baƙon da bai san Kano ba zai karanta littafi ɗaya ya yanke wa al'umma hukunci. Wannan tsoro ba na banza ba ne. Kowa ya san yadda wasu na nesa suke marmarin labarin da zai tabbatar musu da abin da suka riga suka ɗauka game da Musulmin Arewa. Irin wannan gardama ta sake tashi lokacin da littafin Abubakar Adam Ibrahim mai suna Season of Crimson Blossoms ya ci kyautar adabi ta NLNG ta dala 100,000 a 2016. Labarin wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu, da alaƙarta da wani matashi ɗan daba. Wasu 'yan Arewa suka yi alfahari da nasarar, wasu suka ce an sayar da mutuncin iyayenmu mata don a ci kyauta.

Gida na biyu su ne masu cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Suna cewa babu abin da Balaraba ta ƙaga wanda ba a gani a kotunan shari'a da zaurukan masu unguwanni. Hujjarsu tana da ƙarfi. Ba don yawan mutuwar aure ba, da gwamnatin Kano ba ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hukumar Hisba a 2012 ba. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito fili ya nemi a yi dokar iyali da za ta taka wa mai ƙara aure burki in ba shi da halin riƙewa, maganar ta kuwa raba kan jama'a kamar yadda littafin ya raba. Abin da mace ɗaya ta faɗa a cikin labari a 1990, shi ne hukuma da sarauta suka dawo suna faɗa bayan shekara ashirin da wani abu.

Gida na uku ba a cika jin muryarsu ba, amma suna da yawa a cikinmu. Su ne waɗanda suka ji yabon ya yi yawa, suka nemi littafin suka karanta, suka ce ashe abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Suna cewa an shafa wa Delu baƙin fenti tun daga kai har ƙafa, ba a bar mata ko ɗigon mutuntaka ba, ba a kuma nuna mana abin da ya jefa ta cikin wannan rayuwa ba. Suna cewa gobarar ta zo a daidai lokacin da marubuciya take bukatarta, alhali a duniya azzalumai da yawa suna tsufa cikin dukiyarsu. Suna kuma tambaya: in da Saudatu ba ta yi dacen miji mai kuɗi ba fa? Shin darasin shi ne 'yar talaka ta jira attajiri ya zo ya cece ta? Waɗannan tambayoyi ne na masu karatu da idon basira, kuma bai kamata sunan da littafin ya yi a Indiya ko Amurka ya rufe musu baki ba. Yabon baƙo ba ya ƙara wa littafi shafi, sukarsa ba ta rage masa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, hukuncin littafin Hausa kuwa a hannun mai jin Hausa ya fi nauyi.

'Yan'uwa malamai, ga namu ra'ayin a kan gida na farko. Zancen cewa adabin kirki ba ya taɓa ɓarakar iyali bai dace da tarihin abin da muke koyarwa ba. Cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933 akwai Jiki Magayi, wanda ya rubuta tare da John Tafida. Labarin mai kuɗi ne da ya raba saurayi da budurwarsa, aka rama a kan ɗansa, yaron ya lalace, gidan ya rushe. Wasan Uwar Gulma na Muhammad Sada, wanda da yawanmu muka karanta a makaranta, a kan mijin da ke wulaƙanta matarsa aka gina shi. Tun kafin waɗannan, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya soki mazan da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ashe faɗin laifin maigida tsohon aiki ne a ƙasar nan. Sabon abu a 1990 shi ne mai faɗar mace ce, ta kuma faɗa daga cikin gida, da lissafin kuɗin cefane da sabulu da kuɗin makaranta.

Haka kuma zargin cewa littafin ya yi karo da addini bai tsaya da ƙafarsa ba. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san cewa ciyar da 'ya'ya yana wuyan uba ko da ya rabu da uwarsu, ya kuma san cewa uwa ce ta fi cancanta da renonsu bayan saki. Wanda ya saɓa wa fiƙihu a cikin labarin nan Alhaji Abdu ne. Marubuciya ta auna shi da ma'aunin da shi kansa yake iƙirarin ya yarda da shi, ta same shi da tauye mudu.

Yanzu sai mu zo inda gardamar ta fi zafi, wato komawar Rabi. A nan rabuwar ba ta bin gidaje ukun nan, tana ratsa kowane gida. Wasu suna ganin komawar ita ce cikar mutuncinta: mahaƙurci mawadaci, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, uban 'ya'ya tara ba ya zama bare. Wasu suna ganin an ci amanar mai karatu: an nuna masa mace ta tashi da ƙafarta, ta ci guminta, sannan aka mayar da ita ta ciyar da wanda ya hana ta ci. Akwai kuma karatu na uku, wanda mu muka fi karkata gare shi. Marubuciya ba ta yi wa komawar guɗa ba. Ta nuna Rabi ba ta so, ta nuna waɗanda suka matsa mata, ta bar mai karatu da ɗaci a baki. Da ta rufe labarin da Rabi cikin jin daɗi ita kaɗai, da mun rufe littafin mun yi barci. Da ta rufe shi da Alhaji Abdu ya tuba an koma zaman amarci, da mun ce tatsuniya ce. Ta zaɓi ƙarshen da aka fi gani a unguwanninmu, shi ya sa bayan fiye da shekara talatin ba a daina musu a kansa ba.

Akwai tambayar da ta dace a ɗora a nan, wadda ɗalibin babbar sakandare zai iya bincikawa. A fiƙihun da muke bi, matar da aka saka ta gama idda ba ta komawa sai da yardarta, da sabon ɗaurin aure da sabon sadaki. To, yardar da aka samu bayan dangi sun taru a kan mace ɗaya, wace irin yarda ce? Ba mu zo da fatawa ba, wannan aikin malaman addini ne. Mun kawo tambayar ce don a ga irin zurfin da littafi ɗan ƙarami zai iya kai aji.

Sai dai duk masu gardamar nan, da masu yabo da masu suka, idonsu a kan manya yake: Rabi, Delu, Alhaji Abdu. Mu malamai muna da wurin tsayuwa da babu mai shi sai mu, domin mu ne muke karɓar 'ya'ya taran nan kowace safiya. Mun san yaron da ya fara makara bayan an saki uwarsa. Mun san yarinyar da kujerarta take zama wayam ranar kasuwa saboda tana talla, wadda daga baya sunanta yake ɓacewa daga rajista ba tare da kowa ya zo ya yi bayani ba. Mun san wanda yake barci a darasi na biyu don bai karya kumallo ba, da wanda aka kai wa kaka a wani ƙauye a tsakiyar zango. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne, amma doka ba ta dafa koko, ba ta ɗinka yunifom. Idan gida ya tsage, aji ne wuri na farko da tsagar take bayyana. Wanda ya karanta littafin daga ɓangaren yaran zai ga jarumtar Rabi ba a faɗa da kishiya take ba. Tana cikin ƙin yarda da ta yi a cire yaranta daga makaranta. Idan muka tuna cewa mai rubutun ita kanta an cire ta daga aji tana ƙarama, za mu gane inda alƙalaminta ya fi dannawa.

Wannan ya kawo mu ga tarihin da ya shafi sana'armu kai tsaye. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya kira irin waɗannan littattafai Adabin Kasuwar Kano, yana ganin yawancinsu ba su da nagartar da za ta sa su daɗe. Abdalla Uba Adamu ya mayar da martani, yana cewa sun sa dubban matasa da matan aure karatu da harshensu. An yi wannan muhawara a shafukan jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako, hujja tana bin hujja, kowa ya ƙaru. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano. A 2007 kuma, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, aka tara littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai aka ƙone su a wata makarantar 'yan mata. Ba mu musun cewa a cikin kasuwar akwai littattafan da ba su dace da yara ba, kuma waɗanda suka yi ƙonawar gyaran tarbiyya suka nufa. Amma mu auna hanyoyin biyu da sakamakonsu. Muhawarar jarida ta bar mana rubuce-rubucen da ɗaliban jami'a suke nazari har yau. Wutar kuwa toka ta bari, labaran suka koma cikin wayar hannu, inda babu malami babu mai tacewa. Yarinyar da aka ƙwace wa littafi ba ta daina karatu ba, ta dai daina nuna mana abin da take karantawa.

Saboda haka muna ba da shawarwari huɗu ga wannan reshe.

Na farko, kada malami ya yanke wa littafin hukunci da jita-jita, ko ta yabo ko ta suka. Gani ya kori ji. Littafin ba shi da tsawo, ana iya gama shi a hutun ƙarshen mako. Makarantu biyu ko uku za su iya haɗa kuɗi su sayi 'yan kwafi su riƙa karɓa-karɓa.

Na biyu, a san ajin da ya dace da shi. Ba littafin firamare ba ne, ba kuma na ƙaramar sakandare ba. Ɗaliban babbar sakandare, waɗanda wasunsu aure yake jiransu cikin shekara ɗaya ko biyu, su ne suka fi bukatarsa, maza da mata. Mu lura da maza musamman, domin an daɗe ana ɗaukar waɗannan littattafai a matsayin kayan mata, alhali gargaɗin da ke cikin wannan ga mai shirin zama maigida aka yi shi.

Na uku, a koyar da saɓanin kansa. A raba aji gida biyu a kan komawar Rabi, a shimfiɗa sharaɗi ɗaya: duk wanda zai yi magana sai ya nuna shafin da ya dogara da shi. Bayan an gama, a sa kowane ɓangare ya rubuta mafi ƙarfin hujjar abokin gardamarsa. A ba wasu aikin rubuta wasiƙa da bakin ɗaya daga cikin ƙannen Saudatu zuwa ga mahaifinsu, a ba wasu aikin ba da labarin Delu tun daga ƙuruciyarta, don a cike giɓin da 'yan gida na uku suka hango. Ɗalibin da ya koyi yin musu da hujja ba tare da zagi ba ya samu abin da zai amfane shi fiye da makin jarrabawa.

Na huɗu, kuma wannan ya fi sauran nauyi, a yi hattara da zukatan yara. A kowane aji akwai ɗan Rabi a zaune. Kada a nuna shi da yatsa, kada a ce wa kowa ya ba da labarin gidansu, kada a bari 'yan aji su mayar da sunan Delu abin tsokanar wani. A tsaya a kan mutanen cikin littafi. Amfanin ƙagaggen labari ke nan: yana ba yaro damar ya yi magana a kan ciwonsa ba tare da ya buɗe cikinsa ba. A nan 'yan gida na farko suna da gaskiya, sutura abar kiyayewa ce, kuma labari shi kansa sutura ne.

Kafin mu zauna, akwai maganar da ta shafe mu mu kanmu, kuma tunda wannan takarda tana shiga gidajenmu, iyalanmu ma za su karanta. Wanzami ba ya son jarfa. Yawancin mazan da ke zaune a nan magidanta ne, kuma kowa ya san yadda albashin malami yake ƙarewa kafin wata ya raba. Ƙungiyarmu tana fafutukar a biya mu haƙƙinmu cikakke kuma a kan lokaci, wannan kuwa fafutuka ce ta gaskiya. Amma Alhaji Abdu ba talauci ne ya hana shi ciyar da gidansa ba, yana da shi ya hana. Wanda yake neman hukuma ta ba shi haƙƙinsa, ya dace ya duba ko akwai mai neman nata haƙƙin a cikin gidansa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Malamai mata kuma, waɗanda da yawansu suke ɗauke da aji da gida a lokaci guda, muna roƙon su jagoranci wannan karatu a makarantunsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba mu sa ran za a tashi daga wannan zama an daidaita a kan ko Rabi ta kyauta da ta koma. Mu ma da muka shirya jawabin ba mu daidaita ba. Abin da muke fata shi ne a tashi da niyyar karantawa, a kai gardamar gaban ɗalibai cikin ladabi, a kuma riƙa duba rajista da idon wanda ya san cewa bayan kowane suna da ya ɓace akwai gida.

Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a cikin allinmu.